Jan furen Nuwamba: wa Kanada ta yi wa yaƙi a ramukan Faransa?

Baban Halima: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman a taya ni tunani. Jiya Halima ta dawo daga makaranta da jan furen nan maƙale a ƙirjin rigar sanyinta, irin wanda kowa ke sawa a nan Kanada don tunawa da mazan jiya da zarar Nuwamba ta kama. Muna cin abincin dare sai ta ce an koya musu cewa a kan wani tudu mai suna Vimy, can ƙasar Faransa, aka haifi Kanada a 1917, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, yaya ake haihuwar ƙasa a inda aka kashe mutane?" Wallahi bakina ya mutu.

Shekarata goma sha ɗaya a Winnipeg. In zan tafi aiki ina ratsa wani titi da ake kira Valour Road, wato titin jarumta. Da can Pine Street ne sunansa, a 1925 aka sauya, saboda mutum uku da suka zauna a layi ɗaya a kansa duk sun sami Victoria Cross, lambar da babu ta sama da ita a sojan Ingila: Hall, Clarke da Shankland. Biyu daga cikinsu ba su dawo gida ba. Ban taɓa tsayawa na auna abin ba sai da yarinya ta tambaya. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 8 ba ta sa wa kusan mutum 620,000 kaki, fiye da 60,000 suka mutu, kimanin 172,000 suka ji rauni, a kan rigimar da ta tashi a ƙetaren teku. Me ya kai su? Me suka samo?

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam. Yaya, ka yi mini afuwa, amma ina ruwanmu da yaƙin Turawa na shekara ɗari da ɗoriya? Namu na yau ma ya ishe mu.

Malamin Tarihi: Ɗan Auta, da ruwanmu. Ranar 4 ga Agusta 1914 Ingila ta shelanta yaƙi da Jamus. Ba a tambayi majalisar Ottawa ba, ba a kuma tambayi wani sarki a Kano ko Sakkwato ba. Rana ɗaya muka wayi gari cikin yaƙin, mu da su, domin duk muna ƙarƙashin rawanin Sarkin Ingila. Nijeriya ma wata bakwai ke nan da haɗe Kudu da Arewa. Kafin Agustan ta ƙare sojojin Nijeriya sun tsallaka Kamaru sun kai hari Garwa, aka koro su. Dutsen Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916. Da Hausa ake ba su umarni.

Bambancin shi ne Kanada ita ke yanke yawan mutanen da za ta tura. Kuma da farko ba a ja kowa ba, rububi aka yi. Ministan soja Sam Hughes ya kafa sansani a Valcartier kusa da birnin Kebek, zuwa Oktoba mutum sama da 30,000 sun hau jirgin ruwa. Sai dai a lura da wannan: kusan kashi biyu cikin uku na ayarin farko a Birtaniya aka haife su. Baƙi ne da suka zo neman arziki, gida ya kira suka amsa. Ga kuma rashin aiki da ya addabi ƙasar tun 1913, soja kuwa ana biyansa dala 1 da santi 10 a yini.

Saje Mai Ritaya: Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Malam ya yi bayanin manya, ni bari in yi na farabiti, tunda na yi shekara talatin da biyar cikin kaki.

Duk wanda bai kwana a rami ba, ba zai gane ba. Ni na kwana, amma namu na mako ne ko wata, kuma ƙasarmu tana shanye ruwa. Su nasu ya miƙe tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, shekara huɗu. Yankin Flanders kuwa fadama ce, ka haƙa kaɗan ruwa ya ɓullo. Mutum ya yi kwana huɗu zuwa shida a layin gaba, ƙafarsa cikin taɓo mai sanyi, sannan a janye shi baya, sannan a maido shi. Kwarkwata a kowace ɗinkin riga, sai su bi ɗinkin da harshen kyandir. Ɓeraye sun ƙoshi da gawa har ba sa tsoron mutum. Abinci naman gwangwani da biskit mai karya haƙori. Kafin fitowar rana kowa ya miƙe da bindiga yana jiran hari, haka ma da magariba. Da dare ne ake aiki: gyaran waya mai ƙaya, cika buhunan yashi, ɗauko ruwa, jawo gawa.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bindigar. An ba su wata ƙirar gida mai suna Ross. Wajen harbin gwaji ba ta da aibu, tana kai harsashi inda aka nufa. Da taɓo ya shige ta, ko ta yi zafi saboda harbi ba tsayawa, sai ta cije. Sojoji suka riƙa dukan makullinta da dugadugin takalmi ana kuma harbinsu. Wasu suka yar da ita suka ɗauki Lee-Enfield daga hannun sojojin Ingila da suka mutu. Hughes ya kafe a kanta, sai a 1916 aka janye ta gaba ɗaya, shi ma aka raba shi da kujerar a Nuwamban shekarar. Takalman farko ma narkewa suka yi cikin ruwan Salisbury, inda aka horar da su a Ingila, tun ba a isa Faransa ba. Soja yana yafe yunwa, yana yafe sanyi. Ba ya yafe wanda ya ba shi bindigar da ba ta tashi.

Ɗan Auta: Subhanallah. Baba, kuma ba a hukunta kowa ba?

Saje Mai Ritaya: Ɗana, waɗanda aka hukunta su ne na ƙasa. Sojan Kanada 25 aka ɗaure aka harbe a wannan yaƙi, 22 saboda gudu daga fagen fama, ɗaya da sunan ragwanci, biyu saboda kisan kai. Sai a 2001 gwamnati ta nuna nadama a majalisa, aka shigar da sunayen 23 cikin littafin tunawa.

Maman Sadik: Barkanmu da war haka. Baba Saje, Allah ya ƙara lafiya. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, ina ganin da yawa cikin waɗanda aka ce sun gudu, ciwo ne ke damunsu. Mutum ya yi watanni igwa tana fashewa a kansa, ya ga abokinsa ya tarwatse, sai jiki ya kama rawa, ko baki ya rufe, ko ya tashi ya kama tafiya bai san inda za shi ba. A yau da mun kwantar da shi. A lokacin, rabin likitocin ma gani suke lalaci ne.

Akwai kuma ruɓewar ƙafa. Ƙafa ta daɗe cikin ruwan sanyi a matse cikin takalmi, jini ya daina gudu, ta kumbura, ta yi baƙi, ƙarshe a yanke. Maganin da suka samo ba wani abin a zo a gani ba ne: sauya safa, shafa man kifin whale, a kuma ɗora wa hafsa alhakin duba ƙafafun mutanensa kullum. Ya kuwa yi aiki.

Ba na so a manta da matan. Kimanin 2,800 ne suka yi aikin jinya a rundunar Kanada, da muƙamin laftanan. Ranar 27 ga Yunin 1918 jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin asibiti Llandovery Castle, fitilunsa a kunne, alamar asibiti a jikinsa. Mutum 234 suka mutu, har da ma'aikatan jinya mata 14, duk da ke cikinsa.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Ni ina Montreal, shekara takwas. Na bari an yi nisa kafin in sa baki, don abin da zan faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba. Amma bari in fara da Ypres, wani gari a Beljiyam, tunda daga can labarin jarumtar ya soma.

Ranar 22 ga Afrilun 1915 da la'asar Jamusawa suka buɗe tulunan iskar kulorin, fiye da tan 150. A nan ana koyar da cewa Kanadawa ne suka tsaya da kowa ya gudu. Su wa suka "gudu"? Rundunar Faransa ta 45, wadda ake kira ta Aljeriya, da wata rundunar dattawan Faransa. A kansu hayaƙin ya fara sauka, babu abin rufe hanci, ba su taɓa jin labarin irin wannan makami ba. Ba gudu suka yi ba, shaƙewa suka yi. Gaskiya ne Kanadawa sun toshe giɓin mai faɗin kilomita 6, kuma ranar 24 aka sakar musu nasu hayaƙin, suka jiƙa tsumma da fitsari suka rufe hanci suka tsaya. Sun rasa kimanin mutum 6,000 tsakanin matattu, masu rauni da kamammu, ɗaya cikin uku na rundunar. Ban rage musu komai ba. Amma ana ba da labarin kamar Larabawan nan hayaƙi ne su ma.

Malamin Tarihi: Wannan gyara ne mai kyau, na karɓa. To amma mu koma kan tambayar Halima. Ni ina ganin maganar haihuwar ƙasa tana da tushe. A Vimy ne karon farko da rundunonin Kanada huɗu suka kai hari tare, mutanen gabar gabas da na yamma kafaɗa da kafaɗa. Faransawa sun zubar da mutum fiye da 100,000 a yankin ba su riƙe tudun ba. Waɗannan suka karɓe shi tsakanin 9 da 12 ga Afrilun 1917. Bayan wata biyu aka naɗa ɗan ƙasa, Arthur Currie, ya jagoranci rundunar baki ɗaya, mutumin da kafin yaƙi malamin makaranta ne, daga baya dillalin inshora da filaye a Victoria. A 1919 Kanada ta sa hannu da kanta a yarjejeniyar Versailles, ta sami kujerarta a Ƙungiyar Ƙasashe. A 1931 dokar Westminster ta sakar mata mara. Da yaƙi na biyu ya zo a 1939, sai da majalisarta ta zauna, ta shiga bayan Ingila da mako guda. Ƙasar da aka ja da igiya a 1914 ke nan fa.

Saje Mai Ritaya: Malam, bari in ƙara maka da abin da soja zai gani a Vimy. Ba zuciya kaɗai ta ci tudun nan ba, shiri ne. Sun sha wuya a yaƙin Somme, can Faransa, a 1916, mutum 24,000 suka rasa a kan 'yan kilomitoci, suka zauna suka koyi darasi. Aka zana filin a bayan layi da tutoci da zare, sojoji suka yi ta maimaita harin har kowa ya haddace. Aka raba taswira dubbai har hannun kofur, abin da a da sai hafsa. In laftanan ya faɗi saje ya san inda za a, in saje ya faɗi kofur ya sani. Aka haƙa hanyoyi ta ƙarƙashin ƙasa cikin farin dutse don mutane su isa layin gaba ba a gan su ba. Aka gano mazaunin yawancin igwan Jamus ta hanyar walƙiyarsu da ƙararsu. Igwa kusan dubu suka yi ta ruwan wuta. Da ƙarfe 5:30 na asuba, ana dusar ƙanƙara, suka fito suna bin bayan wutar igwansu, ita tana matsawa yadi 100 duk minti uku. Ka yi sauri naka su kashe ka, ka yi nawa mashin-gan ɗin Jamus ta tashi. Duk da wannan shiri, mutum 3,598 suka mutu, kimanin 7,000 suka ji rauni, cikin kwana huɗu. Nasara ke nan fa, ba asara ba.

Ɗan Damagaram: Baba Saje, ban ja da ku ba ko kaɗan. Da Malam nake ja.

Allah ya gafarta Malam, wanda ya jagoranci Vimy Bature ne ɗan Ingila, Julian Byng. Manyan masu tsara harin da yawa 'yan Ingila ne, igwan ma da nasu a ciki. Babban yaƙin Arras da Vimy ke cikinsa bai kai ko'ina ba. Kuma in ka je wurin, daura da dogon ginin tunawar nan akwai wani ƙaramin dutse na rundunar Faransa da ake kira Rundunar Maroko, cikinta da 'yan Aljeriya da Tunisiya, waɗanda suka hau kan tudun tun Mayun 1915 aka rasa mai kai musu ɗauki.

Wannan duk ƙarami ne. Babbar maganar ita ce abin da ya biyo baya a gida. Firaminista Borden ya yi alkawarin mutum 500,000 tun farkon 1916. Masu shiga da kansu suka ƙare, gawa kuwa ba ta ƙare ba. Sai ya kawo dokar kamen soja a 1917. A nan lardin Kebek mutane suka ce ba su gani ba. Ku tsaya a inda suke: suna jin Faransanci, sun yi shekara ɗari uku a ƙasar nan, ba su da kawu a Landan, Faransa kuwa ta bar su tun 1763. Sojan da ake kiransu su shiga da Ingilishi yake magana. A maƙwabciyarsu Ontario, tun 1912 an kafa doka ta 17 da ta taƙaita koyarwa da Faransanci a lakwal. Henri Bourassa ya riƙa tambaya a jaridarsa yadda za a ce su je Turai kare 'yanci alhali ana hana 'ya'yansu harshensu a gida.

Dubi yadda aka ci zaɓen Disamban 1917. Aka ba matan sojoji da iyayensu mata da 'yan'uwansu mata ƙuri'a, sauran mata aka ce su jira. Aka ƙwace ƙuri'ar waɗanda suka fito daga ƙasashen abokan gaba suka zama 'yan ƙasa bayan 1902. Aka yi wa manoma alkawarin ba za a ɗauki 'ya'yansu ba, a Afrilun 1918 aka warware. Kebek mai kujera 65 ta ba 'yan adawa 62. Da Ista ta 1918 tarzoma ta ɓarke a birnin Kebek, aka kawo sojoji daga wasu larduna, ranar 1 ga Afrilu suka buɗe wuta. Farar hula huɗu suka mutu, ƙaraminsu ɗan shekara 14. Shekara guda ke nan ba kwana takwas bayan Vimy. Malam, wace irin haihuwa ce wannan?

Malamin Tarihi: Haihuwa ai da jini take zuwa, Ɗan Damagaram. Kuma kada ka mai da Kebek baki ɗaya. Bataliya ta 22 masu jin Faransanci ce zalla, ta yi suna a Courcelette a 1916. A Agustan 1918 a Chérisy duk hafsoshinta an kashe ko an raunata, cikinsu har da Georges Vanier wanda ya rasa ƙafa, ya zo ya zama Gwamna Janar a 1959.

Ɗan Damagaram: Na sani, har yanzu rundunar tana nan. Amma bataliya ɗaya ce cikin 48 da ke layin gaba. Kuma jinin haihuwa uwa ce ke zubarwa don ɗanta. Wannan yaron na Kebek, don wa aka zubar da nasa? Mu ma a Nijar mun san kamen soja. Mun san abin da Faransa ta yi a Agadas a 1917 bayan tawayen Kawusan, jagoran Buzaye. Shi ya sa da na zo nan na ji tsofaffi suna maganar 1918, ban buƙaci tafinta ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, muhawara ta yi daɗi, a ci gaba cikin mutunta juna kamar yadda aka faro.

Ɗan Auta: Na janye maganata ta farko. Tambaya gare ni: akwai baƙaƙen fata cikinsu?

Baban Halima: Akwai, kuma tun jiya nake karanta labarinsu raina a jagule. Da yaƙi ya tashi baƙaƙen Nova Scotia da wasu wurare sun je ofisoshin ɗaukar soja, aka mai da da yawansu, aka ce musu yaƙin farar fata ne. Suka yi ta kai ƙorafi shekara biyu. A Yulin 1916 aka kafa musu bataliyar gine-gine ta 2 a Pictou, daga baya aka mai da ta Truro. Hafsoshinsu farare ne, in ban da limaminsu na coci, William White. Sama da 600 suka tsallaka teku a Maris ɗin 1917, aka kai su tsaunukan Jura a Faransa saran katako, wanda ake shimfiɗawa a ramuka da hanyoyin jirgin ƙasa. Gatari aka ba su, aka hana su bindiga. Sai ranar 9 ga Yulin 2022 Firaminista Trudeau ya je Truro ya nemi gafara. Babu ko ɗayansu da ke raye.

Sannan 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar. Fiye da 4,000 suka shiga. Akwai Francis Pegahmagabow, ɗan ƙabilar Ojibwe daga tsibirin Parry, maharbin da ake lissafa masa mutum 378, ya sami lambar soja ta bajinta har sau uku. Yana Ypres ranar hayaƙin, yana Somme, yana Passchendaele. Ya dawo gida ya tarar har yanzu sai wakilin gwamnati Bature ya sa baki cikin al'amuransa. Mutanensa ba su sami cikakkiyar damar jefa ƙuri'ar tarayya ba sai 1960. An ma yanki filayen 'yan asali an raba wa tsofaffin sojoji farare. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Maman Sadik: Ka tuna mini da waɗanda aka tsare. Mutum 8,579 aka kulle a sansanoni 24 tsakanin 1914 da 1920, yawancinsu 'yan Yukren da gwamnati da kanta ta gayyato su noma, laifinsu kawai takardarsu ta daular Ostiriya ce. Ga Halifax kuma, ranar 6 ga Disamban 1917, jirgin Mont-Blanc maƙare da nakiya ya yi karo da Imo a tashar ruwa. Kusan mutum 2,000 suka mutu, 9,000 suka ji rauni. Ɗaruruwa sun sami rauni a ido saboda sun tsaya bakin taga suna kallon gobarar lokacin da gilashi ya tarwatse. Wannan ya fi tsaya mini a rai, don na san yadda yara ke rugawa taga.

Saje Mai Ritaya: Akwai abin da ba a faɗa ba, ni kuma ba zan ɓoye shi don ina son sojojin nan ba. Sun yi ƙaurin suna wajen kashe wanda ya ɗaga hannu. Wasiƙunsu da littattafan ajiyarsu sun nuna haka, masana tarihinsu ma sun rubuta. Jita-jita ta yaɗu tun 1915 cewa Jamusawa sun gicciye wani sojan Kanada a jikin ƙyaure, ba a taɓa tabbatar da ita ba, amma ta shiga zukata. Na san yadda abin yake faruwa. Mutum ya harbe abokanka har ka iso gabansa, sannan ya saki bindiga ya ɗaga hannu. Daƙiƙa biyu gare ka. Na sani, amma haramun haramun ne, a dokar soja da ta Allah.

Game da Currie kuwa, ina ganin girmansa saboda Passchendaele, can Beljiyam. An ce ya kai mutanensa su karɓi wani ƙauye da igwa ta riga ta mayar turɓaya, cikin taɓon da ke haɗiye mutum da alfadari. Ya ce wurin bai cancanci jinin ba, ya ce zai ci mutum 16,000. Aka ce umarni ne. Ya nemi lokaci ya shimfiɗa katako ya jawo igwa, ya shiga ranar 26 ga Oktoban 1917, ya gama 10 ga Nuwamba. Lissafi ya tashi 15,654. Da bazarar 1918 ta zo, Ingila ta janye daga wurin ba tare da an yi wani faɗa a kansa ba.

Malamin Tarihi: Shi kansa Currie bai tsira ba. Daga Amiens ranar 8 ga Agustan 1918 zuwa Mons, kwana ɗari ɗin ƙarshe, rundunarsa ta rasa fiye da mutum 45,000, kuma a nan ne ta yi aikin da ya fi Vimy tasiri a kan ƙarewar yaƙin. Sam Hughes ya tashi a majalisa ya zarge shi da zubar da jini don neman suna. A 1927 wata jaridar garin Port Hope ta maimaita zargin game da Mons, ya kai ƙara, a 1928 ya yi nasara aka ba shi dala 500. Ɗan Damagaram, zan ba ka wannan: George Price, wanda aka harbe kusa da Mons da ƙarfe 10:58 na safiyar 11 ga Nuwamba, saura minti biyu a tsagaita wuta, ba da kansa ya shiga ba. Dokar kamen nan ce ta kawo shi. Amma ban sauka daga maganata ba. Waɗanda suka dawo sun tafi suna 'yan daular Ingila, da yawansu sun dawo suna kiran kansu Kanadawa.

Ɗan Damagaram: Waɗanda ke jin Ingilishi, Malam. A nan zan tsaya.

Baban Halima: Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ranar 11 ga wata akwai taro a maƙabartar Brookside a nan Winnipeg, inda aka binne dubban sojoji. Zan je da Halima, daga can mu bi ta Valour Road. Zan karanta mata abin da Malam ya rubuta, in karanta mata na Ɗan Damagaram, ban cire ko ɗaya ba.

Abu ɗaya ne ya rage yana cina. A ginin Vimy, wanda aka buɗe a 1936, an sassaƙa sunayen mutum 11,285 da ba a ga gawarsu ba. Hoton ginin yana jikin takardar dala 20. Ma'ajiyar tarihin ƙasar ta ɗora fayil ɗin sojojin a intanet, jika ya rubuta sunan kakansa ya ga tsawonsa, launin idonsa, ranar da ya kwanta asibiti. Namu fa? A 2021 hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba.

Saje Mai Ritaya: Ɗana, ka taɓo inda yake mini ciwo. Kakana na wajen uba ya yi Kamaru, daga can aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka. Yana Mahiwa a Oktoban 1917, inda aka yi wa rundunar Nijeriya ɓarna, kwanaki kaɗan kafin waɗancan su shiga taɓon Passchendaele. Ya ce yunwa da zazzaɓi sun fi harsashi cin mutane. Ya dawo ya koma gonarsa, ya rasu ina ɗan shekara tara. Mu a nan ranar 15 ga Janairu muke tunawa da mazan jiya, da can 11 ga Nuwamba ce kamar taku, bayan yaƙin basasa aka sauya. Duk shekara in na je fareti, lambobinsa biyu suna aljihuna.

Baban Halima: Baba, lambobin suna nan har yanzu? Ku duba bakinsu ta gefe. Na Yaƙin Farko ana buga sunan mai ita da lambar aikinsa da rundunarsa a wurin. In kun yarda a turo mini hoto, ina so Halima ta gani kafin ranar.

Saje Mai Ritaya: Suna cikin adakar kakarsu, naɗe a tsumma. Na sha shafa rubutun da yatsa, ban taɓa sa a karanta mini ba. Yanzu dare ya yi, babu wuta. Gobe da hantsi, in Allah ya kai mu, zan sa yarinyar nan ta goge su da toka ta ɗauka a tsakar gida.